Hirar Gareji: Me ke sa birki ya shanye a gangara?

Habu: Tun makon jiya saƙonni ke shigowa kan Hawan Kibo, doguwar gangarar nan da ke hanyar Jos zuwa Akwanga. Oga Sani, mota ta baro Jos birki lafiya lau, a tsakiyar gangara ya ƙi ci. Me ya faru?

Oga Sani: Zafi ne, kuma iri biyu ne, ƙafarka za ta gaya maka. In ka taka ka ji feda da tauri amma mota na ta tafiya, fad ne, wato abin da ke damƙe faifan taya ya tsayar da mota, ya ƙone. Fuskarsa ta yi sulɓi kamar gilashi, ga ƙauri na shigowa ta taga. In kuwa fedar ta yi laushi ta nutse ƙasa, man birki ne ya tafasa. Tururi na matsuwa, shi mai ba ya matsuwa.

Ladi: Tafasa dai irin ta ruwan shayi?

Oga Sani: Ita fa. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, nau'in DOT 4 kuma 230. Amma man nan yana shan danshi. In ya sha, DOT 3 a 140 zai tafasa, DOT 4 a 155. Shi ya sa ake zubar da shi duk shekara biyu.

Habu: To masu watsa fiya wata a taya fa?

Ladi: Leda biyu gaba, leda biyu baya!

Habu: Har da mai cewa leda mai sanyi ta fi aiki.

Ladi: Saura ƙanƙara!

Oga Sani: Ku daina dariya, abin nan na kashe mutane. Ruwa a kan faifan birki mai zafi na iya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. A faka a gefe, a bar shi ya huce da kansa. Babban laifin ma na masu sa mota a firi ne don tattalin fetur. Sun sallami inji, sun ɗora wa birki duka nauyin, ga lodi har saman rufi. Tun daga kan tudu ka sa lamba biyu, otomatik ka ja ta L ko 2. Ka taka sosai, ka saki, kada ka kwantar da ƙafa a kai. Kalifa ma, wato ƙarfen da ke matsa fad a jikin faifai, in ta maƙale, taya ɗaya za ta fi sauran zafi tun kafin gangara.

Ladi: Oga, ba mu taɓo birkin durom ba.

Habu: Lokaci ya ci mu, Hajiya. Sai Asabar.