Darasi: gwajin ƙarfin damƙa a binciken tsufa

Masu kallonmu, barkanmu da warhaka. Yau kan na'urar auna damƙa za mu tsaya. Binciken tsufa na Baltimore a Amurka tun 1958 yake bin mutanensa, na Ingila mai suna ELSA tun 2002, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi nata a Ghana ƙarƙashin shirin SAGE. A irin waɗannan binciken, mutum ake gwada wa damƙa bana, a dawo masa bayan shekaru a ga nawa ƙarfin ya ragu. In ka sauya salon gwaji tsakanin zuwa da zuwa, lambobinka sun tashi a banza.

To, Baba ya zauna a kujera, ƙafafu a ƙasa. Damtse manne da jiki, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90, babban yatsa na kallon sama. A cire zobe.

Sai mariƙin nan, nan ake yawan ɓata aiki. Na wannan na'urar, samfurin Jamar, matakai biyar gare shi, na biyu ake so. Daga ciki za ka ƙirga, daga wanda ya fi matsewa, ba daga waje ba. In ya buɗe da yawa, tsohuwa mai ƙaramin tafi da bakin yatsu kawai za ta kama, ta ba ka lambar da ba ta kai ƙarfinta ba. Rubuta matakin a takarda, don mai zuwa bayan shekara biyu wataƙila ba kai ba ne.

Mayar da allurar da ke nuna kilo zuwa sifili. "Baba, matsa! Ƙara, ƙara! To, saki." Kalmomin nan ga kowa, da murya ɗaya, saboda zuga tana ƙara kilo. Sau uku kowane hannu, dama sannan hagu, a ɗauki mafi girma. Wanda yatsunsa suka kumbura ko aka yi masa tiyata a hannu kwanan nan, ƙyale shi, ka rubuta dalili.

Na fi son mai allurar nan, ba ruwanta da batir, sai dai takan yi yoyon mai, a riƙa gwada ta da nauyin da aka sani. Kada ka haɗa lambarta da ta wani samfurin.

Ma'aunin Turai na 2019 ya ce ƙasa da kilo 27 ga namiji, 16 ga mace, rauni ne. Amma manomin da ya sauko daga 45 zuwa 32 bai faɗa ƙarƙashinsa ba, alhali shi ne abin dubawa. Miƙo hannun hagun, Baba.