Yadda ake sauraren kiɗan goge huɗu: Beethoven da faya-fayan da aka ɗauka

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'ar da suka halarta, ina yi muku barka da zuwa. Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wani nau'in kiɗan Turai da ake kira kwatet, wanda mutum huɗu ne kacal ke yin sa. Biyu daga cikinsu suna riƙe da gogen Turawa mai siririyar murya, wato bayolin, ɗaya yana da biyola wadda ta ɗan fi girma da kaurin murya, na huɗu kuma yana da celo, babban goge da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi. Kowane goge tsirkiya huɗu gare shi, ba kamar namu mai tsirkiya ɗaya ba, amma da bakan izga ake goga su duka.

A wannan kiɗa babu ganga, babu waƙar baki, babu kuma madugun da zai tsaya a gaba yana ba da umarni da sanda. Mai tsara kiɗa Joseph Haydn ne ya daidaita tsarinsa a ƙasar Ostiriya, musamman da kiɗe-kiɗe shida da ya rubuta a 1781, kuma marubucin Jamus Goethe ya kwatanta shi a wata wasiƙa ta 1829 da hirar mutum huɗu masu hankali. A ganina ma'aunin yana cikin wannan kwatanci. Idan za a yaba wa ƙungiya ko a kushe ta, tambayar farko ita ce ko makaɗan suna sauraren juna, sannan a zo kan zaƙin sauti.

Misalin da na zaɓa shi ne kwatet mai lamba 131 a jerin ayyukan mai tsara kiɗa Ludwig van Beethoven, wanda ya rubuta a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1826, lokacin da ya riga ya kurumce, shekara guda kafin mutuwarsa. An saba raba kwatet kashi huɗu, ana ɗan hutawa tsakanin kashi da kashi, har makaɗa su sami damar ɗaure tsirkiyar da ta saki. Shi kuwa Beethoven kashi bakwai ya yi, ya kuma tsara su yadda za a kaɗa su a jere ba tsayawa, kusan minti 40 cur. Wanda ya taɓa riƙe goge ya san abin da wannan ke nufi ga kafaɗa da yatsu.

Bayolin na farko ne ke buɗe kiɗan shi kaɗai, a hankali, da wani ɗan gajeren amo, kuma a kan sauti na huɗu Beethoven ya sa alamar a danna da ƙarfi. Daga nan bayolin na biyu ya ɗauki amon, sai biyola, sai celo. To, a nan ne nake so ku kasa kunne. Idan na farko ya danna wannan sauti kamar mai ajiyar zuciya, na biyu kuma ya zo ya buga shi kamar mai sare itace, hira ta lalace tun ba a yi nisa ba, komai gwanintar kowannensu. Haka kuma a kashi na huɗu, wanda ya fi sauran tsawo, an raba amon ne tsakanin bayolin biyu, wannan ya faɗi rabin magana, wancan ya ƙarasa. Ƙungiyar da ta iya, sai ka rufe ido ka kasa gane inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya karɓa.

Yanzu bari mu zo kan faya-fayai. Ƙungiyar mai kaɗa bayolin Adolf Busch, wanda ƙanensa Hermann ke kaɗa celo a cikinta, ta ɗauki wannan kiɗa a Landan a 1936. Busch Bajamushe ne da ya daina wasa a Jamus tun 1933 saboda ƙin mulkin 'yan Nazi, daga baya ya koma Amurka. A wancan zamanin faifan garmaho ne ake da shi, kuma fuska ɗaya ba ta wuce minti huɗu da rabi ba. Ku dubi abin mamaki: kiɗan da aka rubuta don kada a yanke shi, sai ga shi na'ura ta tilasta a yanyanka shi kusan gida goma, makaɗa su tsaya, a sa sabon faifai, su ɗora daga inda suka tsaya da zuciya ɗaya. Ba a kuma iya gyara kuskure a tsakiya, sai dai a sake fuskar gaba ɗaya. Duk da shashshakar faifan, ni har yau ban ji kashi na farko ya shiga jikina kamar na Busch ba. Suna jan yatsa a kan tsirkiya daga sauti zuwa sauti, abin da makaɗan da suka zo daga baya suka rage ƙwarai suna ganin tsohon yayi ne, alhali kunnen da ya saba da gogenmu ba zai ji baƙon abu a ciki ba.

Ƙungiyar Quartetto Italiano, da aka kafa a Italiya a 1945, ta ɗauki kiɗe-kiɗen Beethoven wa kamfanin Philips bayan an sami tef da dogon faifai. Sautinsu mai taushi ne da ɗumi, ba sa gaggawa, kuma wanda bai taɓa jin kwatet ba da su nake ba shi shawarar ya fara. Abin da zan ɗan kushe shi ne, wani lokaci kyan sautin yana rufe ɗacin da ke cikin kiɗan.

Ƙungiyar Alban Berg ta Biyana kuwa, wadda ta ci sunan wani mai tsara kiɗa, sau biyu ta ɗauki dukan kwatet ɗin Beethoven wa kamfanin EMI, na farko a ɗakin ɗaukar sauti, na biyu a gaban 'yan kallo a zauren Konzerthaus a 1989. Na farkon tsaf yake, ba ka jin tuntuɓe ko ɗaya, sai dai mai sauraro ya sani cewa tef yana ba da damar a yanko nan a liƙa can. A na biyun kana jin mutanen da suka san ba hutu a gabansu, kuma idan suka fito daga ɗan gajeren kashi na shida, inda biyola ke jan amon cikin alhini, suka auka kashi na ƙarshe, nauyin minti talatin da suka wuce yana cikin hannunsu.

Zan kunna muku minti biyu na farko daga Busch, sannan wuri guda daga Alban Berg na 1989. Ku bar bayolin na farko da kansa, ku bi biyola daga lokacin da ta shigo.