Jawabin Maraba ga Mai Girma Uban Jami'a a Makon Karɓar Sababbin Ɗalibai

Mai girma Uban Jami'a, ranka ya daɗe, Shugaban Jami'a da mataimakansa, Magatakarda, shugabannin tsangayoyi da na sassa, abokan aikina malamai, 'ya'yanmu sababbin ɗalibai, assalamu alaikum.

A madadin ofishin kula da harkokin ɗalibai, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun saba ganinka ranar bikin yaye ɗalibai, kana miƙa shaidar digiri ga waɗanda suka kammala. Yau kuwa ka tako takanas wurin waɗanda ko hanyar laburare ba su gama sani ba. Wannan ya yi mana daɗi ƙwarai, domin mu da muke tare da ɗalibai dare da rana mun san cewa akasarin abin da ake gani ranar yaye, tun shekarar farko ake yanke shi.

Ranka ya daɗe, yaran nan da ke gabanka ba su daɗe da barin sakandare ba, inda ƙararrawa ke kiran su aji, malami ya kira suna, ya rubuta darasi a allo su kwafa, wanda bai zo ba a bi ba'asi. Nan babu wannan. Yaro zai shiga zauren lacca ya tarar ya cika maƙil, ya raɓa can baya inda muryar malami take zuwa da ƙyar, kafin ya gama rubuta jimla ɗaya malami ya kai ta uku. In ya yi mako bai leƙo ba, ba mai cigiyarsa. Da fari daɗin 'yancin yake ji, ya raba dare yana hira ko latsa waya, ya ce ai jarrabawa da saura. Sai gwajin farko ya zo, wanda ya saba zuwa na ɗaya a ajinsu ya duba allon sanarwa ya ga makinsa, jikinsa ya yi sanyi.

Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne yadda ake lissafin sakamako. Kowane kwas yana da nauyinsa, mai yunit uku ya fi mai yunit ɗaya tasiri, kuma makin zangon farko yana bin ɗalibi har ranar fitarsa. A ɗauki ma'aunin da ƙololuwarsa maki 5 ne, a karatun shekara huɗu mai nauyi iri ɗaya kowace shekara. Wanda ya tashi da 2.0 a shekarar farko, ko da ya cinye 5.0 cif a sauran shekaru ukun, 4.25 zai tsaya, alhali a wannan ma'auni sai da 4.50 ake samun digiri mai daraja ta ɗaya. Sau da yawa sai a aji uku ɗalibi ke yin wannan lissafi, ya zo ofis yana cewa, "Malam, da na sani tun farko." Laifin ba nasa ne shi kaɗai ba, tunda ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa.

Akwai kuma abin da takardar sakamako ba ta nunawa: kewar gida, zama ɗaki ɗaya da wanda ba ka taɓa gani ba, wani mai son fitila a kunne, wani mai son duhu, da guzurin da aka yi niyyar ya kai wata ya ƙare tun a mako na biyu. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne yaro mai shiru, wanda kunya ke hana shi tambaya, ya yi rajistar kwas ba daidai ba, bai gano ba sai an rufe.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Tun 1975 masanin nan na Amurka, Vincent Tinto, ya yi bayanin cewa ɗorewar ɗalibi a jami'a ta danganta da yadda ya saje da karatun da kuma mutanen wurin. Kafin nan, a 1972, Jami'ar South Carolina ta buɗe kwas na musamman don koya wa 'yan shekarar farko zaman jami'a, jami'o'i da dama kuma suka yi koyi da ita. A ganina mako guda na jawabai, irin wanda muke ciki, ya yi kaɗan. Yaro yana jin mu, amma hankalinsa na kan layin rajista da neman gado. Tambayoyinsa na gaskiya sai bayan mun naɗe tabarma suke tasowa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, kokenmu ba mai yawa ba ne. Muna roƙon ka sa baki a mayar da wannan shiri na tsawon zango guda. A ba kowane malami mai ba da shawara adadin ɗaliban da zai iya riƙe sunayensu, a kuma lissafa wannan aiki cikin ayyukansa, domin aikin da ba a ƙirgawa shi ake fara ajiyewa idan abubuwa suka yi yawa. Sannan a ƙarfafa ofishin ba da shawara da ƙwararru, a wurin da ɗalibi zai shiga ba tare da idon jama'a a kansa ba. Manyan ɗalibai da dama sun nuna a shirye suke su riƙe ƙannensu, horo kawai suke buƙata.

Ku kuma 'ya'yana, tun da baƙonmu ya ba ni dama, ku nemi malamin da aka haɗa ku da shi cikin makon nan, ko ba ku da wata damuwa. Ku gaishe shi, ku faɗi sunanku.

Ranka ya daɗe, bayan jawabinka mun shirya za mu zagaya da kai zauren lacca na 'yan aji ɗaya da ɗakunan kwanansu, ka gani da idonka, ka kuma ji daga bakinsu. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya. Bisimilla, ga lasifika.