Kar a Bar wa Tela Ƙyalle: Kayan Ɗaki Daga Ragowar Atamfa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan lokaci.

Wannan tarin ƙyallen da ke gabana a kan tabarma ba daga kasuwa ya fito ba. Ragowar ɗinki ne, irin wanda ake sharewa daga ƙarƙashin keken tela a cusa a buhu. Duk turmin atamfa mai yadi shida da aka kai ɗinki, bayan an fitar da riga da zani da ɗankwali, sai an sami guntaye: na wajen wuya, na hammata, na gefen da aka daidaita. Yawancinmu ba ma tambaya, alhali da kuɗinmu muka saya har da su. In kun kai ɗinki, ku ce wa tela ya haɗo muku da ƙyallen, ba rowa ba ce. In kuma kuna son da yawa, ku leƙa shagonsa a ƙarshen azumi ko gab da babbar sallah, lokacin da ɗinki ya yi masa yawa har yana neman wanda zai rage masa shara.

Yau za mu mayar da wannan tarin kayan amfanin gida. Keke ba dole ba ne. Wanda yake da Butterfly ko Singer a ɗaki zai fi saurin gamawa, amma allura da zare ma sun isa. Abin da ke raba aiki mai kyau da aikin da zai yamutse bayan wanki biyu, ana yin sa ne tun kafin a zura zare a allura.

Da farko sai mun san abin da ke hannunmu. Tun da masaƙunmu na Kaduna da Kano suka durƙushe, irin su Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, yawancin atamfar da ke cika Kantin Kwari daga waje take shigowa, musamman daga ƙasar Sin, kuma ba dukanta ce auduga zalla ba. Wata an gauraya ta da zaren roba, wata ma robar ce gaba ɗaya, an dai buga mata zane mai kyau. Ido yana iya ruɗuwa, amma wuta ba ta ruɗuwa. Ku yanki ɗan guntu, ku riƙe shi da wani ƙarfe, ba da yatsa ba, ku ajiye kwanon ruwa a gefe, sannan ku kai masa ashana. Auduga tana ci da wuta sosai, warinta irin na takardar da ta ƙone, tokarta kuma in kun murza sai ta zama gari. Mai roba kuwa takurewa take yi tana narkewa, ta bar baƙin dunƙule mai tauri. Ku ware su gida biyu. Za ku ga amfanin wannan in mun zo kan kayan kicin.

Bayan nan sai wanki. Sabuwar auduga tana ɗan shiga ciki a wankin farko, kuma ba kowace ce ke raguwa daidai da 'yar uwarta ba. In aka haɗa ƙyalle goma da ba a wanke ba aka ɗinke, ranar da suka ga ruwa wannan ya ja nan, wancan ya ja can, sai aikin ya karkace. A wajen wankin ne kuma mai zuba za ta tona kanta. Wasu suna jiƙa ta da gishiri, ni dai ban yarda a dogara da shi ba. In ja ko shuɗi ya rina ruwa har a ɗauraya ta uku, a fitar da shi daga cikin masu haske, a ajiye shi don tabarmar ƙofa inda zubarsa ba za ta dami kowa ba. Leshi da yadi mai santsi su ma a ture su gefe, suna zamewa a hannu kuma bakinsu yana zarewa. Shadda da atamfa su ne abokan tafiya.

Sai guga. Ko an ɗauke wuta, a hura dutsen gawayi. Ƙyallen da bai sha guga ba, awonsa ƙarya ne.

To, mu fara da rigar matashin kujera, don ita ce za ta koya mana hannu.

Ku sami kwali mai ƙarfi, ku yanka shi murabba'i, inci 5 kowane gefe. Wannan kwalin shi ne ma'auninku, da shi za ku fitar da kowane guntu don kada wani ya fi wani. Ku ɗora shi a bayan ƙyalle, ku zagaye da allin tela ko guntun sabulu da ya sirance, sannan ku bi da almakashi. Amma ku lura da yadda kuke kwantar da shi. Yadi yana da zaren tsaye da na kwance, kuma gefen kwalin ya kamata ya bi layin zaren. In kuka yanka a karkace, guntun zai riƙa miƙewa kamar yana da rai, ba zai taɓa zama daidai da maƙwabcinsa ba.

Guda 16 muke so. Ku jera su a ƙasa, huɗu-huɗu, ku ja da baya ku duba. A nan ne mutane suke gaggawa, kuma a nan ne kyan abin yake. Atamfa dama mai surutu ce, in aka jera masu manyan fulawa goma sha shida wuri ɗaya, ido ba ya samun wurin hutawa. Ku sa mai zane, ku bi ta da mai launi ɗaya, ko shadda fara, ko ragowar yadin maza. Ku nemi launi guda da ke maimaituwa, misali ruwan ƙwai ko ruwan toka, ya zama shi ne ke riƙe da sauran. In kuna shakka, ku ɗauki hoto da waya ku kalla a ƙaramin allo, nan take guntun da bai dace ba zai fito fili.

Yanzu ɗinki. Ku ɗauki guda biyu, ku haɗa su fuska da fuska, wato bayan yadin yana waje, ku kama da fil. Za ku ɗinke gefe ɗaya, kuna barin rabin inci daga baki. Wannan rabin incin kada ya canza daga farko har ƙarshe. Ga lissafin: guda huɗu masu inci 5 sun ba da inci 20, haɗi uku kowanne ya ci inci ɗaya, saura 17. In wani haɗin ya ci fiye da haka, layinku zai gajarce, kusurwoyi su ƙi haɗuwa.

Masu ɗinkin hannu, ga yadda nake bi da allura. Na soka, na fito gaba kaɗan, sannan na koma baya na shiga daidai ramin da ɗinkin farko ya ƙare, na sake fitowa gaba. Komawa bayan nan ita ke kulle zaren, har ƙarfinsa ya kusa kai na keke. Tazarar kada ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa. Zaren kuma kada ya yi tsawo, kamu ɗaya da rabi ya isa, in ya wuce haka sai ya yi ta harɗewa. Ku goga shi a jikin kyandir kafin ku fara, zai bi yadi sumul.

In kun gama layi huɗu, kada ku yi saurin haɗa su. Ku juya bayansu ku goge haɗin: na layin farko ku kwantar da shi dama, na biyu hagu, na uku dama, na huɗu hagu. Dalili shi ne in kun zo haɗa layi da layi, tudun wannan zai faɗa kusa da tudun wancan maimakon ya hau kansa, sai kusurwa ta zauna cif, allura kuma ba za ta sha wahalar huda yadi mai kauri ba. Teloli da yawa ma ba sa damuwa da wannan, shi ya sa za ku ga haɗinsu yana da ƙulu-ƙulu.

Fuskar ta kammala, inci 17 kowane gefe. Ku yi mata shafi da tsohon zanen gado don ta yi ƙwari. Bayan matashin kuma ba ma bukatar zif ko maɓalli. Ku yanki yadi biyu, kowanne inci 17 da inci 12. Ku kalmashe dogon gefe ɗaya na kowanne, ninki biyu na rabin inci. Ku shimfiɗa fuskar tana kallon sama, ku kifa waɗannan biyun a kanta, bakin da aka kalmashe su hau juna a tsakiya. Za su haɗu da kusan inci 5, wannan ita ce ƙofar da za a riƙa cusa matashi a ciro shi. Ku ɗinke zagaye duka, ku datse ƙarshen kusurwa huɗun kaɗan ba tare da kun taɓa zare ba, sannan ku juyo ta. Ku tura kusurwar da bayan cokali, kada ku yi da bakin almakashi.

Abin cusawa fa? Soso yana da sauƙin samu, amma in kun sami audugar rimi ta fi. Ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa, kuma in ta kwanta sai a shanya ta a rana ta sake tashi. Mutanen Zariya, da rimi ya zama alamar garinsu, ba sai an gaya musu ba. A tsince 'ya'yan da ke cikinta don kada ɓera ya biyo su, kuma a yi aikinta nesa da murhu, don tana kama wuta da sauri ƙwarai. Ku ɗinka mata jakarta daban da farin yadi, ku yanka inci 18, ta ɗan fi rigar girma don matashin ya cika ya yi ɓul-ɓul.

Wanda ya iya wannan ya iya zanen gado na haɗe-haɗe, yawan guntaye ne kawai bambancin.

Mu shiga kicin. Tsumman sauke tukunya, wanda yawanci gefen zani ko ɗankwali ke yin aikinsa, har wata rana a ƙone. A nan ne rabon da muka yi ɗazu zai yi amfani: auduga zalla kawai, ciki da waje. Mai roba in ta taɓa gindin tukunya narkewa za ta yi ta manne a fata, ƙunarta kuma mai muni ce. Ku yanki atamfa biyu masu inci 9 kowane gefe, ku sa ninki biyu na tsohon tawul a tsakaninsu, ku bi da layin ɗinki daga kusurwa zuwa kusurwa don kada tawul ɗin ya tattare a wanki. Ku naɗe bakin da siririn ƙyalle, ku bar 'yar igiya a gefe ta ratayewa a ƙusa. Kuma kada a ɗauki tukunya da shi in ya jiƙe, jiƙaƙƙen yadi yana wuce da zafi kai tsaye zuwa hannu.

Na gaba, abin toshe ƙasan ƙofa, shi ne wanda na fi so, ko da yake babu wanda zai shigo ɗaki ya yaba shi. Da hunturu ya kama, a share ɗaki da safe, kafin azahar ƙura ta sake rufe komai, kuma da yawanta ta ƙasan ƙofa take shigowa. Ku auna faɗin ƙofarku, ku ƙara inci biyu. Ku yanki yadi mai kauri da wannan tsawon, faɗinsa inci 8, tsohon wandon jins ma ya yi. Ku ninke shi a tsawonsa, ku ɗinke gefe da baki ɗaya, ku juyo shi ya zama doguwar jaka, ku ɗura busasshen yashi da aka tankaɗe. Kada a cika shi tam, a bar shi ya iya lanƙwasa ya bi ƙasa. Kada kuma a zuba gero ko shinkafa, gayyatar ɓera da ƙwari ce. Ku ɗinke bakin sau biyu. Banda ƙura, yana rage sanyin asuba, yana kuma tare hanyar kunama da sauran ƙananan baƙin dare.

Yanzu dubi abin da ya rage: sirara, karkatattu, masu zuba, masu roba, duk waɗanda muka ƙi ɗazu. Su ne tabarmar goge ƙafa. Ku nemi buhun algarara, in babu ku yi da buhun shinkafa, ku yanka shi ƙafa biyu da ƙafa ɗaya da rabi, ku kalmashe bakinsa tun yanzu don kada ya zare. Ƙyallen kuma ku yayyanka shi faɗin inci ɗaya, tsawon inci biyar. Ku soka ƙugiyar kwarashi ta ƙarƙashin zaren buhun guda biyu ko uku, ku jawo ƙyalle ɗaya har tsakiyarsa, ku ƙulle, bakinsa biyu suna tsaye a sama. Ku matsa kaɗan ku sake, layi bayan layi, a matse, har buhun ya daina leƙowa. Wannan aikin ba ya son tunani, ana yin sa ana hira, yara ma suna iya taya yanka in an ba su almakashi marar tsini. Yana cin ƙyalle fiye da yadda kuke zato, don haka ku tara cikin leda babba kafin ku fara.

In ta cika, ku bi samanta da almakashi ku daidaita tsawon, ku kakkaɓe ta a waje. In da buhun shinkafa kuka yi kuma ɗakin tayil ne, ku ɗinka mata tsohon tawul ko guntun roba a ƙasa, don buhun leda yana zamewa a kan tayil.