Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona, daga Bakin Shugaban Manoman Gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe Hakimi, Dagaci da masu unguwanni, Liman, Sarkin Noma, iyayenmu mata da suka baro surfe suka zo, barkanmu da wannan rana. Mai girma Kwamishina, sannu da hanya. Mun ga yadda motarka ta sha da taɓo kafin ta iso. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, to yau gari naka ne.

Mun ji daɗi da ka zo a cikin marka. Da kaka ka zo, da dammunan gero za ka gani jingine a ƙofar kowane gida, ka koma kana cewa mutanen nan ba su da damuwa. Yunwar ƙauye tana da lokacinta, daga watan bakwai zuwa na takwas, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero kuma bai isa tumu ba. A makon jiya na shiga gidan wani maƙwabcina da azahar, na tarar uwargida tana kwaɗa tafasa da ɗan ƙuliƙuli, yara biyar sun zagaye kwano ɗaya. Maigidan ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo kuɗin awo, tasa gonar tana nan ciyawa ta cinye, ko maimai bai yi ba. Haka yunwar bana take haifar ta baɗi. Ga shi kuma muna cikin Dawakin Tofa, inda kasuwar Dawanau take, kullum manyan motoci na ɗibar hatsi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru.

Ba rashin sanin noma ne ya kawo mu nan ba, na duƙe tsohon ciniki ne. Abin da ke kashe mu rashin dacewa da lokaci. Takin da ya iso bayan dawa ta yi ciki ba shi da amfanin da zai yi mana, wanda ya karɓa ma kasuwa zai kai. Idan babu shi a farkon damina, sai mutum ya ci bashin ba-da-kaka, ya karɓi kuɗi kaɗan yanzu ya biya da buhu guda in an yi girbi. Roƙonmu na farko ke nan: kamfa da yuriya da iri su iso hannunmu tun watan biyar, kafin ruwan shuka, ko da buhu ɗaya ne mutum biyu su raba. Malamin gona ya koya mana zuba taki da murfin kwalba a gindin kowace shuka maimakon watsawa, dabarar da masu bincike na ICRISAT, wata cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka gwada a Nijar. Kaɗan ma yana kai mu nesa.

Sai iri. Waɗanda suka samu geron Sosat da waken nan mai nuna da wuri da ke fitowa daga cibiyoyin binciken noma na IITA da Samaru su ne suke fara cin sabon abinci a garin nan, wasu tun kwana saba'in da shuka. Akwai ma nau'in waken da ƙuduji ba ya iya masa, mu kuwa gonakinmu na arewacin gari ƙuduji ya gama da su.

Na ƙarshe ajiya. Muna sayar da wake da arha a kaka don tsoron ƙwari, mu dawo mu saya da tsada a bazara. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana toshe iska, ƙwaron ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Matanmu sun fi mu sanin darajarsa, da kuɗin adashinsu suke saye. A taimaka ya samu a kasuwarmu ta mako, ba sai an je birni ba.

Ranka ya daɗe, ga fura da nono an dama. In ka sha, muna so ka taka da mu zuwa gonar gwaji a bayan makarantar firamare, ka ga kunyar da aka sa wa taki a kan lokaci da wadda aka makara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.