Maigida Ya Yanke Maka Albashi? Ga Abin da Dokar Kamaru Ta Ce

Direban babbar mota tsakanin Ngaundere da Kuseri taya ta fashe masa, ƙarshen wata aka zare sefa 20,000 daga albashinsa. Mai gadi a Garwa ya yi latti, aka ce tarar sefa 2,000. Abin ya zama ruwan dare har ana ɗauka haƙƙin maigida ne. Ba haƙƙinsa ba ne.

Dokar ƙwadago ta Kamaru, mai lamba 92/007 ta 14 ga Agusta 1992, ta hana cin tarar ma'aikaci a sashe na 30. Horo ɗaya tak ta yarda ya taɓa albashi, shi ne dakatarwa daga aiki, wadda za ka gani a takarda an rubuta "mise à pied". Ita ma da sharaɗi: kada ta wuce kwanakin aiki 8, a sanar da kai a rubuce tare da dalili, a kuma kai wa sufeton ƙwadago labari cikin awa 48. In ɗaya ya faɗi, horon ya rushe, sai a biya ka kwanakinka.

To, me aka yarda a cire? Sashe na 75 ya lissafa, ga manya daga ciki. Akwai na dole, wato haraji, da kashi 4.2 cikin ɗari na fansho a CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata ta ƙasa, da kashi 1 na Crédit Foncier, bankin gwamnati mai ba da rancen gidaje. Mai albashin 100,000, CNPS tana ɗaukar 4,200 ne daga wurinsa. Kuɗin haɗarin aiki da alawus ɗin iyali kuwa nauyin maigida ne shi kaɗai. In ka ga an ɗora maka su, an cuce ka. Bayan na dole, an yarda a cire kuɗin ƙungiyar ƙwadago idan ka amince, sai abin da kotu ta yi umarni a riƙe.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bashi. Ka karɓi rance wurin maigida saboda salla ko suna, ba zai wayi gari ya haɗiye albashin wata guda ba. Dole ka sa hannu da kanka cewa ka yarda a riƙa cirewa, a kai takardar wurin sufeto ya duba, kuma akwai iyakar abin da za a taɓa kowane wata. Amma kuɗin da aka ba ka tsakiyar wata a kan aikin da kake ciki, wannan albashinka ne ka karɓa kafin lokaci, cire shi daidai ne.

Wasu iyayen gida kan ce ai yana cikin kwantiragi, da hannunka ka sa. Ko da ka sa, sharaɗin da ya halatta yankan da doka ba ta lissafa ba, banza ne. Haka karɓar takardar albashi ba tare da ƙorafi ba bai kashe haƙƙinka ba. Kuɗin da aka riƙe ba bisa doka ba kuma yana tara ruwa tun ranar da ya kamata a biya, kuma maigida na iya shan tara shi kansa.

Ka adana takardun albashinka duka. In hannu da hannu ake biyan ka, riƙa rubuta rana da adadi, ka ajiye saƙon waya. Fara da wasiƙa ga maigida, ka riƙe kwafi; in akwai wakilin ma'aikata, tafi da shi. Ya ƙi, sai ofishin sufeton ƙwadago na yankinka, domin kotu ba za ta saurare ka ba sai an gwada sulhu. Sulhu ya gagara, sufeto zai ba ka takardar shaidar haka, da ita za ka shigar da ƙara, kuma shari'ar ƙwadago kyauta ce.

Kada dai ka yi nawa: shekara 3 kake da su don neman albashi daga ranar da ya wajaba, sai dai kan kuɗin da aka yanke ba bisa doka ba, ba a ƙirga shekarun muddin kwantiraginka bai ƙare ba.