Taron Mutanen Bishnoi a Gindin Itatuwan Khejarli

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan wasu mutane da ake kira Bishnoi, a jihar Rajasthan ta Indiya, can gefen hamadar Thar.

Na farko, addininsu. Malaminsu Guru Jambheshwar, wanda aka haifa a 1451, ya bar musu dokoki 29, ciki har da hana sare ɗanyen itace da hana kashe dabba. Mu wuce, ba nan nake son tsayawa ba.

Duk shekara wajen watan Satumba sukan taru a ƙauyen Khejarli, kusa da birnin Jodhpur. A fili ake yi, maza cikin fararen kaya, a hura wuta ana zuba mata man shanu ana addu'o'i. To me ya tara su? Ku saurara da kyau.

A 1730 sarkin Jodhpur, Abhay Singh, zai gina sabuwar fada, ana neman itacen gasa farar ƙasa. Ya tura mutanensa ƙauyen Khejarli da gatura. Itacen da suka je sara sunansa khejri. Manoman da ke nan, ku ɗauka gawo ne: a tsakiyar gona ake barinsa, gero ya yi kyau a gindinsa, dabba ta ci ganyensa. Wata mata 'yar Bishnoi, Amrita Devi, ta fito ta rungume itacen, ta ce sai dai a sare da ita. Aka sare ta. 'Ya'yanta mata uku suka rungume, aka sare su. Jama'a, mata ne fa! Iyayenmu mata da ke can gefe, kun ji? Mace ce ta fara. Labari ya bazu ƙauyuka, tsofaffi da yara suna zuwa, kowa ya kama itace. Mutum 363 aka kashe kafin sarki ya ji ya tsayar. Mutum 363, a kan itace. Daga baya ya haramta sara da farauta a ƙasar Bishnoi. Ni abin da ke ɗaure min kai, babu wanda ya ɗauki makami a cikinsu. Runguma kawai.

Na uku... a'a, na biyu ne ko? Oho. Salman Khan. Kai, dubi yadda samari suka gyara zama! (Dariya.) A 1998 ya je ɗaukar fim wajen Jodhpur, aka zarge shi da harbe barewa biyu. Su Bishnoi ne suka kai ƙara, suka yi ta bin shari'ar shekara 20, har a 2018 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 5. Ya samu beli bayan kwana biyu, ya ɗaukaka ƙara, amma dai ya kwana a gidan yari.

Sai abu na gaba... na'am, Hajiya?

(Daga cikin masu sauraro: Malam, to in ba sa sare itace, da me suke girki?)

Yawwa! Tambayar wadda ke hura murhu ke nan. Busasshen reshe da ya faɗi da kansa, Hajiya, da busasshen kashin shanu. Shi ɗin ma sai an kakkaɓe an duba, kada a jefa ƙwaro cikin wuta da ransa, don dokar ta haɗa da wannan. Kuma kin san yawancin Hindu ƙone gawa suke yi, itace tuli guda. Su Bishnoi binnewa suke. Wa ke da wata tambayar? Kai mai hula ja, ɗaga murya.